Kwikwiyon da Ya Ƙi Girma

A cikin kwalin taliya Yaya ya kawo shi, ɗaure a bayan babur, an huhhuda kwalin da ƙusa don iska ta shiga. Bazara ce, irin zafin nan da kaji ke yawo baki buɗe. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin dawa na ji sallamarsa, na miƙe da gari har a gira.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direba ne a gidan wata likita a cikin birnin Kano. Mu kuma muna ƙauye a ƙasar Kunci, gida ɗaya da iyayen maigidana, su a sashen gaba, mu a na baya, darni ne ya raba mu. A shekarar an dame mu. An kwance wa maƙwabcinmu akuya daga turke da rana tsaka. Shaho ya bi 'yan tsakina ɗaya bayan ɗaya har kaza ta koma yawo ita kaɗai. Awakin unguwa kuwa ba sa barin shanya ta bushe lafiya. Shi ne maigida ya ce wa Yaya in ya ji labarin kare mai kyau a birni ya taimaka mana. Yaya ya ce an dace, karyar gidan da yake aiki ta haihu har biyar, kuma irin ta Turawa ce.

Karen Turawa! Kwana uku maigida yana ba da labari a majalisa. Shi abin da ya sani da karen Turawa shi ne wanda ya taɓa gani a bayan motar 'yan sanda, mai tsayin ɗan maraƙi, harshe a waje. Har sarƙa ya sayo ranar kasuwa, mai kauri, irin wadda ake ɗaure injin ban-ruwa da ita.

Da aka buɗe kwalin sai ga wani ɗan abu fari fat, gashi buzu-buzu, ba ka ganin idonsa sai ka yaye gashin. Tafin hannun Yaya ɗaya ya ɗauke shi. Aka sauke shi ƙasa, ya yi atishawa, ya dube mu, ya tako ya tsula fitsari a kan takalmin maigida.

"Shi ke nan?" in ji maigida.

"Jariri ne, watansa biyu," Yaya ya ce. "Kai da aka haife ka da gemu ka zo?"

Maigida ya dubi sarƙar da ke hannunsa, ya dubi wuyan kwikwiyon, ya mai da ita bayansa. Yaya kuwa ko ruwan da na kawo masa bai shanye ba ya juya, wai da yamma zai kai uwar ɗakinsa unguwa.

Yarinyata lokacin shekararta uku, ita ce ta fari, ita kaɗai ce kuma. Bayan yaye ta yi wata irin rama da ba na son tunawa. A wajen awo malamar asibiti ta naɗa mata wani ɗan tef a damtse, mai ja da rawaya da kore, ya tsaya a kan ja, ta ce tamowa ce. Ta warke, alhamdu lillahi, amma ni tsoron bai sake ni ba. Kullum idona na kan damtsenta. In ta bar loma biyu a kwano sai abinci ya fita raina ni ma. Ba ta da ci, ba ta da magana, sai dai ta zauna gindin turmi tana tsotsar yatsa tana kallon mutane.

To, ranar ba wanda ya kira ta, ta taso daga gindin turmin ta tsuguna gaban kwalin. Kwikwiyon ya zo yana tangaɗi ya kama bakin rigarta yana ja. Dariyar da ta ƙyalƙyale da ita har Inna, uwar mijina, ta leƙo ta kan darni tana tambayar 'yar waye ta shigo mana.

Bayan azahar Baba, surukina, ya shigo da sandarsa. Dattijo ne dogo, ba ya son hayaniya, kuma tun farko bai so zancen kare ba. Abin da ya sa ya yarda, limamin unguwa ya ce masa ba laifi a ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta. Ni ina cikin ɗaki bayan labule. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa gaban Baba na yi magana ba, sai gaisuwa a durƙushe, ita ma kaina a ƙasa.

Ya sa kan sanda ya ɗan juya shi.

"Wannan kare ne ko audugar katifa?"

"Zai girma, Baba," in ji maigida. "Irin na Turawa ne."

"To, madalla. Liman dai na gadi ya ce, bai ce na kwalliya ba. Na ba shi zuwa yankan dawa. In ya kai gwiwata kare ne, ya zauna. In bai kai ba ku mayar wa masu shi kyanwarsu."

Sai ya waiwayi jikarsa, wadda ba ya kira sai da Amarya. "Au, Amarya, kin yi sabon miji kin bar tsoho ko?" Ta ɓuya bayan kwalin tana dariya.

Da la'asar na zuba wa kwikwiyon ɗan kunu a kasko. Ya sa baki yana lasa, ita kuma ta ɗauko ƙoƙonta ta zauna kusa tana kallonsa, ta shanye nata tas, ta miƙo min wai a ƙara. A ƙara! Na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu, na share fuskata da gefen zani. Tun daga ranar in ba a zuba masa ba, ba za ta ci ba, in ya ci kuwa sai ta ga bayan kwanonta. Na ce a raina karen nan ba zai koma birni ba in dai da yadda zan yi. Washegari da Baba zai wuce masallaci na saci kallon gwiwarsa. Tana da nisa.

Ni ban taɓa riƙon kare ba, a gidanmu ma ba a yi. Abin da na iya shi ne renon yaro, da shi na kama. Yaro in ana so ya yi jiki nono ake ba shi, don haka da mai tallan kindirmo ta shigo na sa ta cika min ƙwarya, na ajiye masa. Ya sha har cikinsa ya yi kamar ganga. Kwana biyu yana zawo, yana kwance a kwali ko wutsiya ba ya iya kaɗawa, yarinyar ta ƙi cin komai, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Inna ta zo ta dube shi ta dube ni.

"Ke 'yar nan, cikinsa bai kai ƙwan zabuwa ba, kin ɗura masa ƙwarya guda? Ko ɗan akuya ne ai sai ya ji jiki."

Da ya tashi sai na koma ba shi kaɗan-kaɗan, sau huɗu a yini, tuwo mai laushi da ɗan romo, wata rana dafaffen ƙwai, wata rana busasshen kifi in na tsince ƙayar. Na kuma lura in ya daɗe bai ci ba sai ya kama rawar jiki, ƙafafunsa su saki. Ba irin karnukan mafarauta ba ne da za su yini da yunwa suna gudu a jeji. Ko biki zan leƙa a maƙwabta sai na bar wa Inna sallahun nasa abincin tare da na yarinyar.

Sai kuma zancen wanki bakwai. Na ji an ce abin da kare ya sa wa baki sai an wanke shi sau bakwai, ni kuwa na ɗauka duk abin da ya taɓa ne. Ya taka tabarma, sau bakwai. Ya shinshini gindin turmi, sau bakwai. Hannun yarinya kuwa har ya fara yin fari don wanki. Kafin hantsi randa ta ƙare. Maigida ya dawo daga rijiyar burtsatse karo na uku da jarkoki, ya sauke yana haki.

"Wai ni kare muka kawo gidan nan ko raƙumi?"

Malamar Islamiyyarmu ce ta cece mu. Da na gaya mata sai da ta rufe baki da hijabi don dariya. Ta ce a abin da aka karantar da ita mazubin da ya sa baki ya sha ne ake wa wannan wankin. In ware masa kaskonsa na ci da na sha, in riƙa rufe randa da kwanuka, kada ya shiga ɗakin kwana, kada ya hau abin salla, yarinya ta wanke hannu da sabulu kafin ta ci abinci. Shi ke nan fa. Randa ta huta, maigida ya huta.

Ƙanƙantarsa ma abin tsoro ce. Sau biyu na kusa taka shi ina ɗauke da tukunyar ruwan zafi, don ba ya tafiya sai tsakanin ƙafafun mutum. Na ciro 'yar ƙararrawar wuyan tunkiya na ɗaura masa da tsumma. Ita kuma yarinyar wata rana ta ce sai ta goya shi, ta ɗaure shi a baya da ɗankwalina, ya zame ya faɗo, ya yini yana ɗingishi. Daga nan na kafa mata doka, in za ta ɗauke shi sai ta zauna a ƙasa tukuna.

Wata safiya ina wanke-wanke na ga inuwa ta gilma a ƙasa. Kaza ta yi wannan ƙarar tata, sababbin 'yan tsakinta suka ruga ƙarƙashin rumbu, shi kuwa gogan yana tsaye tsakiyar fili yana wasa da ɓawon gyaɗa. Na ɗaga kai na ga shaho ya dunƙule ya yo ƙasa, kuma wallahi ba tsaki ya nufa ba. Faifan da ke kusa da ni na wurga ina ihu. Ya bauɗe ya tashi sama. Na ruga na ɗauke kwikwiyon daga filin. Karen da aka kawo ya tsare mana kaji, shi ma abincin shaho ne.

Tun daga ranar in aiki ya sha kaina sai in kife shi da babban kwando tare da 'yan tsakin. Da farko kazar ta yi ta saran kwandon, daga baya ta saba. A nan ya yi wayo, cikin 'yan tsaki, suna hawa bayansa suna tsattsage masa gashi. Da ya fi ƙarfin shaho na daina kife shi, sai na ga ya koyi abin da ban koya masa ba. Da kaza ta yi ƙarar nan, kai, wani lokaci tun kafin ta yi, sai ya daki ƙasa ya ɗaga kai sama ya kama haushi da 'yar muryarsa kamar ana buga gwangwani. Haka yake wa awaki in sun zuro kai ta darni. Akuyar da ta ninka shi sau biyar sai ka ga ta juya a guje, yana bin ta ƙararrawa na kaɗawa.

Damina ta sauka. Gero ya tashi ya wuce kan mutum, dawa ta bi shi. Kwikwiyo dai yana nan inda yake. Na samo gawayi ina tsayar da shi jikin bango duk Juma'a ina zana iyakar bayansa. Da farko zanen yana ɗan hawa, daga baya sai ya riƙa faɗawa kan na makon jiya. Na tsinko zare na naɗa masa a ƙafar gaba kamar yadda malamar asibiti ta yi wa yarinyata, na ƙulla. Bayan mako biyu na sake naɗawa, ƙullin bai motsa ba. Na ce shi ke nan, tamowa ce. Abin da ya kama 'yata a hannuna shi ne ya kama wannan ma, ni ce dai ban iya reno ba.

Na koma yi masa kunun da aka koya mana a asibiti, gero da waken suya da gyaɗa. Matan unguwa kowa da tata shawarar. Wata ta ce in daka masa gidan rina a abinci, wai zai yi zafin rai, na ƙi. Wata tsohuwa ta ce ai jariri ma sai ana gasa masa gaɓoɓi ana miƙe su yake tsawo. Wannan kam na yi. Kullum da safe in sa tsumma a ruwan ɗumi in gasa masa ƙafafu huɗun nan in ɗan jajja su, shi kuwa ya yi ɗai-ɗai ya lumshe ido kamar wani basarake. Na sa maigida ya kira min Yaya har sau uku ina tambayar me uwarsa take ci. Ya ce wani abu ne a buhu ƙanana-ƙanana kamar ƙuli-ƙuli. Na farfasa masa ƙuli-ƙuli. Duk abin nan da nake yi faɗi yake ƙarawa, tsawo kuwa ko ɗigo.

A majalisa an sa maigida a gaba. Da ya doso sai a ce, "A ba shi hanya, ga mai zaki nan!" Ni ma in mata sun shigo sai sun tsaya a bakin zaure sun ɗaga murya, "A riƙe mana dodon, za mu shigo!" Yana zuwa da gudu yana kaɗa wutsiya su kwashe da dariya.

Da ƙarangiya ta nuna a ƙarshen damina sai ta zame mana wani aikin. Ya fita bayan gida sau ɗaya ya dawo gashinsa ya cukurkuɗe, ga kaska a cikin kunne. Na zaunar da shi na sa almakashi na yi masa aski. Da na gama na ja da baya na dube shi, na dubi tulin gashin da ke ƙasa. Ashe rabinsa gashi ne. Abin da ya rage bai fi ɓeran masar ba. Inna ta zo wucewa ta tsaya ta riƙe haɓa.

"'Yar nan, ke da ake so ki ƙara shi, sai kika rage?"

Na yi dariya har da hawaye, amma hawayen ba duka na dariya ba ne. Dawa ta riga ta sunkuyar da kai a gona.

Ana saura kamar mako biyu a fara yanka, tunkiyarmu ta kama tari, maigida ya ɗauko malamin dabbobi daga Kunci. Da ya gama da tunkiyar na sa hijabi na raɓe bayan Inna, na raɗa mata ta roƙe shi ya duba mana karen.

"Me ke damunsa?" in ji shi.

Inna ta waiwayo ni. Na ce a hankali, "Tamowa."

Ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya jijjiga shi kaɗan kamar mai auna kankana, ya buɗe bakinsa ya duba.

"Hajiya, tamowa a ina? Wannan ai kin mai da shi tulu. Ga haƙoransa nan duk na manya ne. Watansa nawa?"

Maigida ya ce tara.

"To ai ya gama. Abin da zai ƙara bai fi faɗin yatsa ba. Ku tsaya ma, kun ga uwarsa kuwa?"

Muka dubi juna. Wata bakwai ina tambayar me uwarsa take ci, ban taɓa tambayar yaya girmanta yake ba. Wayar maigida ƙarama ce ba ta hoto, sai malamin ya karɓi lambar Yaya ya kira shi a tasa, ya ce ya turo hoton karyar. Ba a jima ba ya shigo. Muka haɗa kai har da Inna. Ga ta nan kwance a kan kujerar kushin, an ɗaure mata gashin goshi da jan ƙyalle, kusa da ita akwai filas ɗin shayi. Da kaɗan ta fi filas ɗin tsawo.

Maigida ya karɓe wayar. "Yaya! Wannan ce uwar?"

"Ita ce," muka ji muryar Yaya. "Ita ce ma babba, uban bai kai ta ba."

"To me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Wa ya tambaye ni? Cewa ka yi kare mai kyau. Ba shi da kyau ne?"

Malamin dabbobi sai da ya dafa babur ɗinsa don dariya. Inna ta zauna a kan turmi tana salati tana share ido. Ni kuwa wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjina, irin wanda ban san ina ɗauke da shi haka ba. Ashe ba ni ba ce. Haka Allah ya yi irinsu, kamar yadda ya yi tattabara ya yi jimina.

Malamin ya yi masa allurar rigakafin haukan kare, ya ba shi maganin tsutsa, ya yi mana faɗa sosai a kan mun makara, wai tun yana wata uku ya kamata, balle gida da ƙaramar yarinya. Ya ce in rage masa abinci zuwa sau biyu tunda ya girma, in daina ba shi miyar da aka sa albasa, kada kuma a jefa masa ƙashin kaza don tsagewa yake ya soki hanji. Yanzu in mace ta ce min za a kawo musu irinsa daga birni, duk wannan nakan gaya mata, har da kaskon da kwandon da almakashin. Amma kafin komai cewa nake, ki sa a nuna miki uwar.

Murnata ba ta kai yamma ba. Ina kwashe tuwo abin ya faɗo min. In lafiyarsa ƙalau, kuma ya gama girma, to gwiwar Baba fa? Na dubi yarinyar tana zaune da kwanonta, shi yana gefe da kaskonsa, tana ba shi labarin da ita kaɗai ta san kansa.

Maigida ya ce zai yi wa Baba bayani. Kullum sai ya ce gobe. Aka fara yankan dawa, amalanke na shigowa da dammuna, goben ba ta zo ba. Na je wa Inna.

"Ni ba ruwana," ta ce. "Tun kafin a haifi mijinki nake musu da mutumin nan, ban taɓa cin sa ba." Ta ci gaba da tsinke zogalenta. "Ke dai bakinki ne ba ya iya gaya masa. Kunnensa ai ba a toshe yake ba."

Washegari da hantsi Baba yana zaune a kan buhu gindin darbejiyar sashensu, ya miƙe ƙafafu, an baza gyaɗa a gabansa tana shan rana. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na ajiye jikin darni ta ɓangarenmu, daidai bayansa. Na kira yarinyar na sa kanta a cinyata na fara yi mata kitso. Tsagar farko ma ta karkace. Na gyara murya.

"Ke yarinya, kin san karen nan naki ba zai ƙara tsawo ba ko?"

"Uhm."

"Malamin dabbobi ya ce haka irinsu suke. Uwarsa ma kamar filas take. Ba ciwo ba ne, ba kuma rashin ci ba."

"Umma, kina ja min gashi."

"Yi haƙuri. Amma kin ƙirga kajinki kuwa? Tara kaza ta ƙyanƙyashe, tara ɗin suna nan, har biyu sun fara cara. Bara war haka ko ɗaya shaho bai bar mana ba. Barkonon da na shanya kuma akuya ko ɗaya ba ta taka shi ba. Wannan in ba gadi ba ne, to ban san sunansa ba." Na kama wata tsagar. "Ga rigarki ta salla ma ta matse ki a hannu. Da can kuwa sai an naɗe."

Sai ta ɗago kai ta dube ni, ta buɗe murya yadda har na zaure zai ji.

"Umma, wai ni kike gaya wa ko Tsoho?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta bayan darni na ji Inna ta shaƙe da dariya, sannan na ji tarin Baba, irin wanda yake yi in zai yi magana.

"Amarya! Zo nan, ke da mijin naki."

Ta zame daga cinyata da kitso rabi, ta ruga, ƙararrawa na bin ta. Na sa ido a wata 'yar kafa ta jikin darni. Baba bai tashi ba, yana nan zaune a kan buhunsa, ƙafafu miƙe a ƙasa. Ya nuna gefen ƙafarsa da sanda, ta tsayar da karen a wurin.

"Duba min da kyau, idona ba ya gani sosai. Ya kai gwiwata ko bai kai ba?"

Ta sunkuya ta duba da gaske, har da karkata kai. "Ya wuce!"

"Ya wuce? To, alhamdu lillahi. Ni dai na san ban ce a tsaye ba." Ya ɗebi gyaɗa ya zuba mata a hannu. "Je ki gaya wa mai kitson can, tun shanyar gero nake barcina a gindin bishiyar nan ba akuyar da ta tashe ni. Ta ɗauka ita kaɗai ce mai ido a gidan nan? Amma ki ƙara mata da cewa ɗaki ba nasa ba ne, buzuna ma ba nasa ba ne."

Ta dawo da gudu ta tsaya gabana tana haki. "Wai in ji Tsoho, wai ke mai ido ce." Sauran saƙon ya zube a hanya. Na ce na ji, na jawo ta na ƙarasa kitson, na kwance layin da ya karkace na sake shi.

Bayan kwana biyu, da aka gama shigo da dawa, sai ga Baba a sashenmu da rungumen sabon kara da igiya. Ya zaɓi wuri kusa da akurkin kaji, inda inuwar rumbu ke faɗawa da rana, ya tsuguna ya fara kafa bukka. Amaryarsa na miƙa masa kara, karen na janye igiyar yana gudu da ita. Na dama fura na ba Inna ta kai masa. Ta ajiye ƙwaryar, ta zagaya bukkar, ta tsaya a bakin ƙofar. Ƙofa ce wadda ɗan maraƙi zai shiga bai sunkuya ba.

"Malam, wannan ƙofar fa? Har yanzu kana sa rai ke nan?"

Baba bai ɗago ba, ya ci gaba da ɗaurinsa.

"Ke dai miƙo min igiyar can," ya ce. "Shi malamin dabbobin shi ya halicce shi?"